Baƙin da Waifai Ya Tara wa Baba

Yayana ne ya kawo maganar waifai. Ya daɗe a Turai, takardunsa ba su cika ba, in ya fito ba zai iya komawa ba, ga shi Baba ya kwanta. Ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye, bakinsa ya ɗan karkace, amma magana tana fita, hankalinsa kuwa garau. Gidanmu na Agege tsohon gini ne mai kaurin bango, wayata ba ta kama sabis na kirki a ɗakinsa. In Yaya ya yi kiran bidiyo sai na fita tsakar gida ina ɗaga hannu sama, Baba yana ciki yana jiyo muryar ɗansa daga nesa. Ran nan Yaya ya ce, "Auta, ki nemo rauta ki sa a ɗakin, in riƙa ganin tsohon nan."

Baba bai taɓa buɗe baki ya ce yana son ganinsa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa. Iyakarsa ya kalli silin ya ce, "Kin ji daga wancan kuwa?" Ni da nake kwana a ɗakin da ke jikin nasa na san sau nawa yake wannan tambayar a yini.

Wanda bai san Baba a da ba ba zai gane sauran labarin ba. Fatoma ne, mai saukar fataken goro, sana'ar da ya gada wurin kakanmu, tsohon soja na zamanin Turawa wanda aka sallama bai koma Arewa ba. Muna yara zaurenmu ba ya rabuwa da baƙi. Mutum zai sauko daga jirgi ko tirela da jakarsa, ya tambayi gidanmu, a ba shi tabarma da tuwo, Baba ya kai shi wurin Yarabawa masu goro, ya tsaya masa har a ɗaure huhu a yi lodi. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta tsufa a gindin murhu saboda cikin mutanen da ba ta san sunansu ba. A jikin bangon waje, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin Baba, akwai dogon dakali. Nan yake zama bayan la'asar, mutane su kewaye shi, a yi ciniki, a yi sulhu, wani lokacin har a nemi aure.

Sai waya ta zo. Falke ya zauna a Kano ya kira mai goro kai tsaye, ya turo mota, ba ruwansa da masauki. Zauren ya yi ta raguwa har muka zuba 'yan haya a ɗakunan baƙi. Da Baba ya faɗi, makon farko gidan ya cika da 'yan dubiya, har takalma suka rasa wurin ajiya. Mako na biyu suka ragu. Kafin wata ya zagayo, daga limamin layinmu sai mai yi masa aski. Ana cewa zumunta a ƙafa take, to a shekarar nan ƙafafun mutanen Agege duk ciwo suke yi.

Na shiga motar haya ta danfo na je kasuwar wayoyi ta Ikeja na sayo rautar, wato akwatin waifai. Ɗan ƙarami ne, fari, mai ƙaho biyu, ana sa masa layi kamar waya. Mai shagon ya haɗa min da ɗan batir don kada ya mutu in an ɗauke wuta, ya ja min kunne in canza kalmar sirrin da aka manna a gindinsa. Da na dawo na yi ta yawo da shi ɗaki-ɗaki ina kallon fitilunsa, ba inda suka cika sai a saman kabad ɗin Baba, dab da taga. Na ɗora shi a nan, na shiga cikin saitinsa ta wayata kamar yadda aka nuna min, na sa doguwar kalmar sirri mai haruffa da lambobi. Da aka zo wurin raɗa masa suna, alfahari ya ɗebe ni, na rubuta sunan da fatake suka san gidanmu da shi. Ban yi tunanin cewa duk wayar da ta gifta layin za ta ga sunan ba.

A yammacin ranar Yaya ya kira. Fuskarsa ta fito tar, har gashin gemunsa ana ƙirgawa. Na riƙe wa Baba wayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka yi furfura." Yaya ya yi dariya yana share ido. Ban da gaisuwa, abin da Baba ya faɗa ke nan, amma a daren ya cinye tuwonsa tas.

Akwai wata 'yar hayarmu, mutuniyar Maraɗi, mijinta mai shayi ne a bakin layi. Ta same ni a wurin famfo ta ce mahaifiyarta ba ta da lafiya a can, in taimaka mata ta gan ta ko sau ɗaya. Mun tashi a gidan da ba a hana maƙwabci wuta da ruwa da gishiri, da wane baki zan ce a'a? Na karɓi wayarta na rubuta kalmar da hannuna don kada ta gani, ina ganin na yi wayo. Ashe wayoyin yanzu suna nuna wani ɗan zane mai ɗigo-ɗigo, in wani ya haska shi da tasa wayar shi ke nan ya shiga. Maso abinka ya fi ka dabara. Daga wayarta ya koma ta mijinta, daga teburin shayi kuwa ai labari ya ƙare.

Ina koyarwa a wata firamare, sai la'asar nake dawowa. Wata rana na shawo kwana na ga dakalin ƙofar gidanmu cike da mutane, na zaci Baba ya cika. Na matso na ga kowa kansa a sunkuye, waya a hannu. 'Yan okada sun jera baburansu a bakin kwata. 'Yan dakon kasuwar Mile 12 da suka taso aiki sun miƙe ƙafafu. Waɗannan ban ga laifinsu sosai ba, baƙi ne, ba su san waye Baba ba, banza suka samu suka faɗa mata. Waɗanda suka tsaya min a rai 'yan layinmu ne, manya da gemunsu, waɗanda iyayensu suka ci tuwon gidan nan. Na yi sallama, biyu ko uku suka amsa ba tare da sun ɗago ba.

Na shiga da niyyar in canza kalmar a take, ko jakata ban ajiye ba. Sai na tarar da Baba ya ja jiki ya jingina da filo, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. Gadonsa yana ƙasa da tagar, ba ya iya ganin waje, amma yana jin komai.

"Auta, kin ji?"

"Me fa, Baba?"

"Dakali ya cika."

Ya ce in ɗauko masa hularsa, in canza masa riga, in shafa masa turare. Ya kasa kunne yana tsintar muryoyi. "Wannan mai dariyar ɗan wane ne, ubansa da jaka ɗaya ya sauka a zauren nan. Wancan kuma jikan wane ne." Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na tsaya riƙe da hular, na fasa abin da na shigo yi.

"To me ya hana su shigowa?" na ce, don in ji abin da zai ce.

"Kunya," in ji shi. "Ba a cika wa majinyaci ɗaki. Sun san ina jin su, ai ya wadatar. Yaran nan suna da tarbiyya."

Daga ranar na ɗaura wa kaina aiki ɗaya, kada Baba ya san abin da ya tara mutanen nan a gindin tagarsa. Shi a saninsa akwatin da ke kan kabad fuskar ɗansa yake kawowa, ba ruwansa da abin da ke bayan bango. Na bar kalmar sirrin yadda take.

Sai ya ce ba a barin baƙo baki bushe. Kullum in na dawo sai ya sa na sayo goro, fari da ja, in wanke, in zuba a faranti in kai waje. Ni, mace da girmana, in tsaya da faranti a kan ƙattin da ke kallon ƙwallo da waƙe-waƙe. Wasu su ɗauka su jefa aljihu, ido na kan waya. Wani ɗan matashi ya taɓa ce min, "Anti, babu minti? Ni ba na cin goro." Da ba don tagar tana buɗe ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na koma ciki Baba ya tambaya me suka ce, na ce sun gode, sun ce a gaishe shi da jiki. Haka nake faɗa kullum, har yau kuma ban yi nadamar ƙaryar nan ba. Ya soma cin abinci, ya soma yi min tsiya kan miyata, mai askinsa ma ya ce fuskarsa ta ciko.

Amma akwatin ɗan ƙarami ne, ba a yi shi don unguwa guda ba. Kiran Yaya ya soma sarƙewa. Fuskarsa ta daskare baki buɗe, muryarsa ta riƙa zuwa guntu-guntu, sai kuma ta yanke gaba ɗaya. Baba ya ce wataƙila sanyin ƙasar tasu ne. Na ce wataƙila. Yaya kuwa ba a yi masa wannan, ya kira ni ta layin murya yana faɗa.

"Auta, wetin dey hapun? Mutum nawa ne a kan abin nan?"

Na gaya masa gaskiya. Ya ce in canza kalmar yau ɗin nan, in ɓoye sunan ma yadda ba wayar da za ta gan shi. Na ce ya ɗan yi haƙuri. Ya ce shi ubansa yake son gani, ni kuma ina nan ina kiwon 'yan cin bulus. Raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, kai a gilashi kake ganinsa, ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Muka kwana biyu ba mu yi magana ba. Na san yana da gaskiya, ni ma ina da tawa, mutanen da suka haɗa mu faɗa kuwa suna can suna sauke fina-finai.

Ana haka matar Yaya ta haihu, namiji. Yaya ya ce sunan Baba za a sa, kuma yana son ranar suna Baba ya ga yaron ya yi masa addu'a. Da hantsi za su yi, ranar Asabar, a ɗan falonsu, da abokai kaɗan. Kunyar ɗan fari ba ta hawa kan jika. Baba ya ce, "To, in ga wanda ya zo ƙwace min suna." Can kuma ya tambaye ni a hankali, "Za a gan shi sosai dai ko?" Na ce za a gan shi.

Ana gobe suna na fita da farantin goro, na rage murya na roƙe su. Na ce don Allah gobe da hantsi su zauna abinsu su yi hira, amma su sauka daga waifai na ɗan lokaci, Baba zai ga jikansa. Duk suka ce, "No wahala, Anti. Allah ya raya." Har na ji kunyar zaginsu da nake yi a zuci.

Washegari dakalin ya fi kullum cika, Asabar ce, ba aiki. Na gwada kiran Yaya, hoton ya tsaya cak. Na fita na tuna musu. Wasu suka kifa wayoyin a cinya har na juya baya. Wani ya ce, "Anti, abin nan iska ce fa, ba ta ƙarewa. Ni saƙo kawai nake turawa." Kowa saƙo kawai yake turawa. Na koma ciki, na shiga saitin akwatin, na goge tsohuwar kalmar na sa sabuwa. Niyyata da an shafa fatiha in mayar musu da abinsu, ko rabin awa ba za a yi ba.

Kiran ya shiga, hoto tar kamar ranar farko. Yaya ya ɗago jaririn cikin farin tawul, ɗan ja, ya dunƙule hannu, goshinsa sak na Baba. Baba ya sa na matso da wayar har ta kusa taɓa hancinsa. Ya ce, "Kai, wannan ai ya fi ni muni." Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya soma addu'a, mutanen can suna amin, ni ma ina amin. Kunnena ɗaya yana waje. Na ji hira ta tsaya, na ji gunaguni, na ji an tayar da babur, sannan wani. Na ƙara ƙarar wayar har ƙarshe.

An shafa ke nan, Yaya yana gaya wa Baba laƙabin da za su riƙa kiran yaron da shi, sai aka yi sallama a ƙofar ɗaki. Muryar namiji ce. Rabon da wani namiji ya yi sallama a ƙofar nan, ban da liman da mai aski, har na manta.

Wani dillalin shanu ne a mayanka, magidanci, da furfura a gemunsa. A ɗakin bayan gidanmu aka haife shi, ubansa yaron Baba ne a harkar goro, Baba ne ya sayi ragon sunansa. Kullum yana kan dakali yana tura wa masu saye bidiyon shanu. Ya tuɓe takalmi, ya shigo, ya durƙusa a gaban gado.

"Baba, barka da hantsi. Ya jiki?"

Fuskar Baba a lokacin ba zan manta da ita ba. Ya juyo ya kalle ni ya ce, "Auta, ban gaya miki ba? Kawo masa kujera." Ya kama hannun mutumin, ya tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce in juya wa mutumin wayar ya ga jaririn. Mutumin ya leƙa ya ce, "Masha Allah, Allah ya raya." Sai ya karkato wajena, ya rage murya, ya ce, "Anti, di tin no dey konet o."

Na zare masa ido, na girgiza kai. Baba ya ce, "Me ya ce?"

"Gaisuwa ce, Baba."

"Ni da na yi ciniki a Ikko tun ba a haife ki ba? Me ne ne ba ya kamawa?"

Mutumin ya gyara durƙuso, da fara'arsa, shi a ganinsa abin kirki zai faɗa. "Baba, ai waifai ɗin nan naka ne da muke ɗan taɓawa a waje. Yanzun nan ya ɗauke, har jama'a sun soma watsewa. Ni kuma wani Alhaji yana jira in tura masa bijimi. Na ce bari in shigo in ji ko an canza fasawod ne."

Baba ya ɗaga ido ya kalli saman kabad, inda fitilun akwatin ke ƙiftawa, ya daɗe yana kallo. Yaya yana cikin wayar yana cewa, "Auta? Waye wannan? Auta?" Na kashe kiran.

"Wannan akwatin?" in ji Baba.

"Shi fa, Baba. Duk layin nan ba mai ƙarfinsa, ko an ɗauke wuta yana yi."

"Dukanku?"

"Wallahi Baba, kullum ana sa maka albarka."

Na so in ɗauki kujerar da na kawo masa in rotsa masa a ka. Na so in ce, kai da aka yanka wa rago a tsakar gidan nan, wata da watanni bango ɗaya ne tsakaninka da shi, sai yau da bijimi ya maƙale ka san hanyar ɗakinsa? Ban samu na faɗa ba, Baba ya riga ni.

"Auta, ba shi abin da ya zo nema. Ba a shigowa gidan nan a fita hannu rabbana."

Na karɓi wayar mutumin na rubuta masa. Ya duba, ya ga ta kama, ya yi godiya, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya sa takalminsa. Tun bai kai zaure ba na ji yana cewa, "Ya dawo! Ku kawo in ba ku."

Baba ya sa hannunsa mai lafiya ya zame hular daga kansa ya ajiye a gefen filo. Na jira ya tambaye ni tun yaushe na sani, na jira ya yi min faɗa, da ya yi da na ji sauƙi. Bai yi ba. A waje baburan da suka tafi suka soma dawowa, hira ta tashi, wani ya ƙyalƙyale da dariya.

"Ɗakin mahaifiyarku yana nan a share?" ya ce.

Ɗakin yana can ƙuryar gida, bayan famfo, tagarsa ɗaya kuma bangon maƙwabta take kallo. Na ce, "Baba, akwai zafi, ba iska. Nan fa ka saba."

"A kai ni can."

Na kira mai shayi, muka ɗauke shi, shi ta kafaɗu ni ta ƙafafu. Bai da nauyi ko kaɗan. A ranar da aka sa wa jikansa sunansa ya bar ɗakin da yake kwana tun kafin a haife ni, bai kuma sake shigarsa ba har Allah ya karɓi abinsa. Mun kai bakin ƙofa na tuna da akwatin, na ce bari in dawo in ɗauko shi, don in Yaya ya kira.

"A'a," in ji Baba. "Bar musu shi a nan. Shi suka zo gaisarwa."